Kawu da Rigimar Laƙabin Siga

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa ina cikin gida tare da mata, saboda haka abin da maza suka faɗa a ƙofar gida daga bakin maigidana na ji shi. Ya ce Liman ya yi shaida cewa bai taɓa juyowa bayan sallama ya ga gurbin Kawu a sahun farko babu kowa ba, sai a kwanakin nan na ciwo. Wani tsoho da suka yi aiki tare a sakatariyar ƙaramar hukuma ya ce, “Takardar da yab buga ba a maishe ta. Ko shugaba ba ya karantawa, hannu kawai shika sawa.” Sauran suka ce mutum ne mai haƙuri. Duk wanda ya san Kawu ya san wannan ladabin zaman makoki ne kawai. Kawu yana da kirki, amma haƙuri kam Allah bai ba shi da yawa ba.

A cikin gida maganar ta fi kusa da gaskiya. Ana ta shigowa da gumba da kwanonin tuwo, ana “Allah shi jiƙan rai, Allah shi ba da haƙuri,” sai maƙwabciyarsa, wata dattijuwa da katanga ɗaya ta raba su, ta sassauta murya ta ce da ta kusa da ita, “Tun da matatai tar rasu ban ƙara jin dariyatai ba, sai in shina zaure gaban na'uran nan. Mutum shi kaɗai da ƙarfe. Allah Sarki.”

Inna, mahaifiyata, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya da shi, tana jingine da bango tana jan carbi, idonta a bushe. Tun safe ba ta ce komai ba ban da amsa gaisuwa.

Babban ɗansa ya iso daga Abuja bayan an dawo daga maƙabarta. Da ya gama gaisawa da mutane ya leƙa zaure, ya ga kwamfuta biyu a kan tebur, ɗaya siririya mai sheƙi, ɗaya kuma mai kauri da aka ɗaure murfinta da roba. Ya kira ni ya ce, “Wagga sabuwar ni na aiko mai da ita. Tsohuwar fa, mi shika yi da ita har yanzu?” Na ce ya bar ta tukuna, zan yi masa bayani. Har ya koma Abuja ba mu samu zama ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Mutanen da suka san Kawu a Tambuwal ba su san aikin da ya cinye shekarunsa na ƙarshe ba. Mutanen da suka san aikin kuma ba su san fuskarsa ba. Ni ce 'yar ƙanwarsa, malamar firamare a Kebbe, kuma ni kaɗai na san shi ta gefen biyu.

Kawu mai buga tafireta ne. Tun yana saurayi yake wannan aiki a sakatariya, har gashinsa ya yi fari. Gab da ritayarsa aka kawo kwamfuta ofis, aka tura tafiretoci ɗakin ajiya. Sa'o'insa da yawa sun ja da baya suka bar wa yara. Shi kuwa ya ja kujera ya zauna kusa da wani matashi, yana tambayarsa yana yi masa faɗa a lokaci guda, har ya iya. Da ya bar aiki ya sayi kwamfuta ta hannu da firinta, ya ajiye a zauren gidansa, yana buga wa mutane katin ɗaurin aure da takardar neman aiki da sanarwar wa'azi.

Bayan rasuwar matarsa gidan ya yi masa girma. 'Ya'ya sun watse, wannan Abuja, wannan Sakkwato, matan suna gidajen mazajensu. An yi ta yi masa maganar aure, ya ce ya ji. Inna ce ke aika masa da tuwo daga unguwarsu, da rana kuma ya sha fura. Majalisar da yake zama bayan la'asar ta fara raguwa, yau a ce wane ya kwanta, gobe a ce wane ya riga mu. Waɗanda suka rage hirarsu gona ce da farashin taki da siyasa. Kawu yakan zauna kaɗan, ya ce yana da aiki, ya koma zaure.

Ni na nuna masa dandalin. Na je hutu na same shi yana faɗa da firinta, wai ya buga katin aure, duk inda akwai ƙ ko ɗ ko ɓ sai wani ɗan akwati ya fito a madadinsu. Ya ce ba zai miƙa wa mutane katin da aka rubuta “daurin aure” ba, kamar bai je makaranta ba. Na buɗe masa wani shafi a intanet inda masu aiki da kwamfuta da waya suke tambaya da Hausa, wasu kuma su amsa, ba a biyan kowa. Aka ce ya zaɓi sunan da za a san shi da shi. Ya buga “Tafireta”. Wurin hoto ya bar shi fanko.

Kafin magariba wani ya amsa masa, aka gyara kati. Ina shirin rufe shafin ya riƙe hannuna. Ya ga tambayar wani a ƙasa, kan yadda ake daidaita gefen takarda. Ya ce, “Wanga ai na san shi. Matsa.” Daga ranar nan bai daina ba.

Yana da ƙa'idarsa. Kowace amsa da cikakkiyar sallama yake fara ta, kamar wasiƙa. Kuma ba ya tura amsa sai ya gwada a na'urarsa. Yakan ce, “Abin da ban taɓa da hannuna ba, ba ni miƙa ma wani shi.” Idan wani ya yi tambaya a birkice, Kawu sai ya gyara masa rubutun tukuna, ya sa masa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ a inda ya manta, sannan ya amsa. Wasu suna jin haushin wannan. Shi ko a jikinsa.

Maganar siga kuwa a kaina ta fara.

Duk manhajar da ake aiki da ita, masu yin ta sukan fito da sabuwa bayan wani lokaci, su ba ta lamba: siga ta shida, siga ta tara, haka dai. Sunan ɗaya ne, amma cikin yakan canza. Maɓallin da ke dama ya koma hagu, abin da tsohuwa take tambayarka kafin ta yi, sabuwa ta yi shi da kanta. Ni a lokacin ban san wannan ba. Kwamfutata tsohuwa ce, ta hannu, da ita nake haɗa sakamakon jarrabawar ajina. A ƙarshen wani zango na so in jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Na duba dandali na samu wani ya riga ya yi tambayar, an amsa masa, mutane da yawa sun yaba amsar. Na bi ta daki-daki. Ashe wanda ya rubuta ta da sabuwar siga yake aiki, wadda take jan suna tare da makinsa. Tawa tsohuwar maki kawai ta jera, ta bar sunaye a inda suke. Na adana, na buga, aka raba wa yara.

Washegari wani uba ya zo makaranta riƙe da hannun ɗansa. Yaron nan shi ne yake zuwa na ɗaya tun da ya shigo ajina, ga shi takarda ta ce yana kusa da na ƙarshe. Idon yaron ya kumbura, a bayan ƙafarsa akwai shatin bulala. Uban ya ce ya riga ya hukunta shi, ya zo ne ya ji daga bakina ko wasa yaron ya koma yi. Na karɓi takardar na duba, sai na ga makin wani ne a gaban sunansa. Hedimasta ya ce a karɓo duk takardun, kuma in ba shi bayani a rubuce.

Na kira Kawu ina kuka. Bai ce mini komai ba sai, “Takardun jarrabawa suna nan?” Na ce suna nan. Ya kashe waya.

Damina ce, hanyar Kebbe ta lalace, ga mutane suna tsoronta saboda labarin 'yan bindiga da ake ji. Washegari da hantsi sai ga Kawu a bayan ɗan kabu-kabu, babbar rigarsa duk taɓo har gwiwa, ya rungume jakar kwamfuta a ƙirji cikin leda. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce a shimfiɗa tabarma. Ina karanto suna da maki, yana bugawa da yatsu goma ba ya ko kallon allo. Da muka gama ya sa na sake karantawa daga ƙasa zuwa sama. Sannan ya ce da maigidana ya raka shi gidan mahaifin yaron. Maigidana ya ce Kawu ya durƙusa a gaban yaron nan, dattijo da furfurarsa, ya ce masa, “Kai ba ka yi laifi ba. Malamarka ma ba ta yi ba. Mu manya munka rubuta magana ba mu hwaɗi ta wa ta ba.”

Da ya koma Tambuwal ya rubuta doguwar magana a dandali. A wurin akwai abin da ake kira laƙabi, 'yar kalma da ake maƙala wa kowace tambaya don a san fanninta: firinta, waya, rubutu, jadawali. Kawu ya nemi a ƙara laƙabin siga, ta yadda duk tambaya za ta nuna lambar manhajar da ake magana a kai, mai tsohuwa ya nemi nasa, mai sabuwa ya nemi nasa. Lokacin dandalin bai cika ba, aka yarda, aka ma sa shi cikin masu kula da shafi.

Daga nan “Wace siga?” ta zama gaisuwarsa. Duk wanda ya yi tambaya babu laƙabin siga, abin da zai fara gani ke nan daga Tafireta. Har a gida ta bi shi. Inna ta taɓa ce masa rediyonta ya daina kamawa, ya ce “Wace siga?” kafin ya tuna da wa yake magana. Ta ce, “Sigar gidanku.” Ya yi dariya har da tari.

Ba zan ce abin bai yi amfani ba. Ni kaina na huta, na danna lambata in ga abin da ya shafe ni kaɗai. Amma Kawu ya wuce da shi gona da iri. Wani mai shagon caji daga Jabo ya taɓa tambaya kan wayarsa da ta ƙi buɗewa. Kawu ya ce wace siga. Mutumin ya ce bai sani ba. Kawu ya ce ya duba ya dawo. Mutumin ya rubuta, “Malam, wayar ta ƙi buɗewa, ta ina zan duba?” Bai ƙara dawowa dandalin ba. Na yi wa Kawu maganar, ya ce ai da ya jira. Amma na ga ya daɗe yana kallon allo.

Shekaru suka tafi, dandali ya cika da matasa. Cikin sababbin masu kula da shafi akwai wani Bazazzagi, mai kaifin kai, mai saurin amsa, wanda kowa ya yarda ya san aiki. Shi da Kawu sun daɗe suna mutunta juna. Sau da yawa in tambaya ta fi ƙarfin Kawu, shi yake kira. Wata rana Bazazzagin ya kawo shawara a soke laƙabin siga gaba ɗaya.

Hujjojinsa ba na banza ba ne. Ya ce laƙabi sun yi yawa har an rasa na zaɓa. Tambaya ɗaya ana maimaita ta a ƙarƙashin kowace lamba, amsa mai kyau tana can maƙale a siga ta shida, mai siga ta bakwai bai gan ta ba, alhali ita ce maganinsa. Ya ce sababbin shiga ba su san lambarsu ba, wasu su zaɓi ta ƙarya don a bar su su wuce, wasu su gudu. Ya ce manhajojin yanzu da kansu suke sabunta kansu, mutum ya kwana da wata ya tashi da wata. In siga tana da muhimmanci a wata tambaya, a rubuta ta a cikin bayanin, ya isa.

Kawu ya amsa da cewa mutane ba sa karanta cikin bayani, kan magana suke gani su danna. Ya ce su a birni na'urorinsu sababbi ne, ga wuta ga sabis. A nan kuwa malamin makaranta da ma'aikacin asibitin ƙauye da mai shagon buga takardu, kwamfutar da wani ya gaji da ita suke saye, kuma da ita za su zauna har ta mutu, domin ko sun so sabuntawa ba za ta ɗauka ba. In aka cire lamba, amsoshin sababbi za su binne nasu, su bi abin da ba nasu ba.

Da a nan aka tsaya da lafiya. Amma aka yi kwanaki ana ja, kowa ya shigo da nasa. Kawu ya fara zafi, ya ce da Bazazzagin ɗan birni ne da bai taɓa hawa tudu neman sabis ba, bai san komai ba sai gaggawa. Shi kuma ya mayar masa: “Tafireta, kai ma ka san ba za mu tsayar da dandali saboda masu rungume da gawar kwamfuta ba. Ka bar mutane su ci gaba.”

Aka jefa ƙuri'a. Kawu ya sha kaye, ba kuma da kaɗan ba. Ni na bi bayansa, amma na faɗa masa a waya cewa yaron yana da gaskiya a wasu wuraren. Ya ce, “Ke ma?” Sai ya ce ana kiran salla, alhali da saura. A cikin yini ɗaya aka share laƙabin da ya yi shekaru yana maƙalawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye muƙaminsa, bai yi sallama da kowa ba.

Na je Tambuwal bayan wannan da 'yan makonni. Na same shi a zaure da la'asar, kwamfutocin duka a rufe, an lulluɓe su da tsohon zanen matarsa saboda ƙura. Yana zaune a kan kujerar roba yana kallon ƙofa. Furar da aka kawo masa tun rana tana nan ba a taɓa ba. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi hanya. Babu wanda ya shigo, babu wanda ya yi sallama, sai ƙarar mashin da ke wucewa can bakin titi. Ban taɓa lura ba sai ran nan cewa in ba a kunna na'urar ba, zauren nan ba abin da ke motsi a cikinsa.

Na ce, “Kawu, ba ka zuwa majalisa?”

Ya ce, “Na je. In na ce anka kada ni ƙuri'a, sai su ce wace jam'iyya.”

Na yi dariya, shi bai yi ba. Can ya ce, “Ba kayen ad da ciwo ba. Gawa yac ce. Ni da wannan gawar nika yin aikina, da ita nika ci. Ke ma da irinta kike koyar da ɗiyan mutane.” Ya dubi na'urorin da aka lulluɓe. “Amma ba duk tambaya ka son lamba ba, wannan kam gaskiya tai. Wanda firintatai tac cinye takarda, mi yah haɗa shi da siga? Na matsa ma mutane.”

Na ce to ya rubuta masa hakan mana.

Ya ce, “Shi fara.”

Babu wanda ya fara. Amma bayan kaka, ranar nan ina duba wani abu a dandali, na ga wata tsohuwar amsar Tafireta ta taso sama, alamar an taɓa ta. Na buɗe. Ya ƙara layi ɗaya a farkonta: “Na gwada wannan a siga ta shida. In taka ta fi haka sabunta, duba ƙasa, na rubuta maka naka.” A ƙasa kuwa ga bayani na biyu. Washegari wata ta taso, jibi wata. Ya dawo ba tare da ya ce ya dawo ba. Tun da an hana shi laƙabi, sai ya koma bin amsoshinsa ɗaya-ɗaya, ya gwada kowace a tsohuwar kwamfuta, ya gwada a sabuwar da ɗansa ya aiko, ya rubuta abin da ya gani a kowace. Amfanin na'ura biyu a kan tebur ke nan. Ya kuma daina tare mutane da “Wace siga?” Sai ya ce, “In ba ka san lambar taka ba, gaya mini launin allon da ka fara gani in ka kunna, ni zan gane.”

Shi da Bazazzagin sukan haɗu a ƙarƙashin tambaya ɗaya, wannan ya amsa, wancan ya amsa, ba mai ambaton wani.

Bai gama ba. Amsoshin suna da yawa, idonsa kuma ya fara rauni, sai ya ƙara girman harafi har kalma uku ta cika layi. Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Ya faɗi a hanyar masallaci, aka kai shi asibiti, harshensa ya yi nauyi. Na iso ya gane ni, ya riƙe hannuna, yana motsa yatsu a kan tafina kamar mai bugu. Ban san abin da yake rubutawa ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki na koma Kebbe, na buɗe dandali don in sanar. Shafin ya ƙi karɓar rubutuna sai na zaɓi laƙabi. Na duba, firinta, waya, jadawali, na zaɓi “sauran batutuwa”. Na rubuta cewa Tafireta ya rasu a Tambuwal, ni 'yar ƙanwarsa ce, duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa. Addu'o'i suka yi ta shigowa daga sunayen da ban san masu su ba, daga garuruwan da Kawu bai taɓa takawa ba. Wani ya ce da amsarsa ya ci jarrabawar ɗaukar aiki. Wata ta ce shi ya koya mata sa lanƙwasa. Bayan 'yan kwanaki sababbin tambayoyi suka tura sanarwar ƙasa, har sai an nema kafin a gan ta. Bazazzagin bai rubuta komai a wurin ba. Saƙo ya aiko mini ni kaɗai, yana tambayar motar da ake shiga daga Sakkwato.

Ran Asabar ya zo. Na riga shi isa Tambuwal, ni da maigidana, muka buɗe zaure muka share. Mutum ne siriri mai tabarau, bai fi ƙanena ba, da jaka a baya da ledar dabino a hannu. Ya yi ta'aziyya a tsanake. Sai idonsa ya kai kan hoton da ke bango, wanda aka ɗauki Kawu ranar da ya bar aiki, da farin gemu da hula.

Ya ce, “Wannan mahaifinsa ne?”

Maigidana ya ce, “A'a, Tafireta na da kainai.”

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan ya ce, “Na ɗauka sa'ana ne. Shekara da shekaru ina ce masa kai, ina yi masa gatse. Ya girmi babana.” Ya dubi tsohuwar kwamfutar da robarta. “Malama, ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu ina ganin cire laƙabin nan shi ne daidai. Mutane sun fi samun amsa yanzu. Amma na ga abin da yake yi da tsofaffin amsoshinsa, kullum ina gani. Na sha buɗe wurin saƙo in rubuta masa, in ce bari sai gobe.”

Na faɗa masa abin da Kawu ya ce game da firinta da ta cinye takarda. Ya gyaɗa kai kawai.

Inna ta ji an yi baƙo daga nesa, ta lallaɓo da sandarta ta zauna a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, “An ce kai abokin aikin yayana na. Ni har yar rasu ban san mi shika yi cikin abin ga ba. In na tambaya sai shi ce ba ni ganewa.”

Ya fara yi mata bayanin dandali, ya ga ba ta bi ba, sai ya ciro wayarsa ya ce bari ya karanta mata ɗaya. Wata ce da Kawu ya rubuta wa wani yaron shago da ya ɗauka ya lalata kwamfutar maigidansa. Ya karanta a hankali, da Hausarsa ta Zazzau:

“Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da farko kwantar da hankalinka, ba ka ɓata komai ba. Tashi ka sha ruwa ka dawo, ina nan. Ka dawo? To, kife na'urar a kan cinyarka, ka bubbuga bayanta a hankali, za ka ga abin da ya maƙale ya faɗo. In ta tashi ka gode wa Allah. Gobe kuma kada ka ƙara cin ƙuli-ƙuli a kan kayan mutane.”

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya ba ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Tun ranar rasuwar ban ga hawayenta ba sai lokacin. Ta ce, “Shi na. Haka shika yi min tun muna yara. Shi lallashe ka, in ka yi shiru sannan shi yi maka hwaɗa.” Ta share ido. “Akwai wata?”

Ya karanta wata. Ta ce a ƙara. Ba ta san firinta ba, ba ta san jadawali ba, amma ta jingina da ƙofa ta lumshe ido tana saurare, wani wurin ta ce “Awo,” wani wurin ta girgiza kai. Haka suka yi har inuwa ta juya, maigidana ya ce in bai tashi yanzu ba zai rasa motar Sakkwato. Ya ɗauke shi a mashin, suka biya maƙabarta, daga nan tasha.

Muka rage ni da Inna a zaure. Ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar wayarta mai maɓalli, ta miƙo mini.

“Sa min shi ciki.”

Na ce wannan ba za ta ɗauka ba, Inna.

Ta juya wayar a hannunta, ta mayar ta ɗaure. Ta ce, “To, ki riƙa zuwa.”

Ina zuwa, duk lokacin da hanya ta yi kyau. Allah Ya gafarta wa Kawu zafin zuciyarsa, Ya karɓi abin da ya yi wa mutanen da bai taɓa gani ba, Ya sa ya samu abokan zama na gari a inda ya je. Ya ba Inna haƙurin zama ita kaɗai.